Keke Ɗaya, Teloli Biyu

Da sabon manaja ya zo kamfaninmu na ɗinkin yunifom, bai kori kowa ba, wannan kam na shaide shi. Abin da ya yi shi ne ya sayar da tsofaffin kekuna, ya raba mu gida biyu, masu aikin safe da masu aikin yamma. A da kowane tela da kekensa, har wasu kan liƙa hoton 'ya'yansu a jiki. Yanzu kuwa keke ɗaya mutum biyu. A wurin taro ya ce mana idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Muka tafa masa, don yana tsaye yana kallonmu.

Ni ce shugabar sashen riguna, ina kama ƙarshen aikin safe da farkon na yamma, saboda haka duk rigimar da ta tashi a teburina take sauka. Yawancinsu ba su wuce wa ya sauke kujera, wa ya bar zare a warwatse ba, kuma da kansu suka mutu. Ɗaya ce ta ƙi mutuwa, ita ma don rashin sa'a ta yayata ce.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Yaya. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta fara ɗora ƙafata a kan keke, ita kuma ta kawo ni kamfanin nan. An haɗa ta keke da wani tela da muke kira Dogo, magidanci mai tsabtar tsiya, irin mutumin da sai ya goge keke kafin ya amsa gaisuwarka. Ba sa haɗuwa, don sai masu safe sun fita an share ɗakin sannan ake buɗe wa masu yamma. Kowannensu aikin hannun ɗan uwansa kawai yake tararwa, ya yi ta tsaki.

A kan wani jan salatif ake rigimar. Kullum da safe Yaya takan liƙa shi a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, ta jawo fitilar keke har ta kusa taɓa yadi. Kullum da yamma Dogo ya ɓare shi, ya goge danƙon, ya mayar da fitila inda take, in ya tashi kuma ya zare zaren daga allura ya naɗe. Ƙarfen nan yana da 'yan siraran layuka da tela ke bi don ɗinki ya miƙe.

"Tana rufe mini layuka," in ji Dogo. "Ga danƙo yana ɓata farin yadi. Wannan keke ne ko allon talla?"

Washegari na faɗa wa Yaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ki ce masa ina ɗinki tun yana yawo ba wando. Ya bar mini salatif ɗina."

Haka na zama 'yar aike tsakanin manya biyu, ina rage wa kowace magana zafi kafin in isar da ita. Sai wata makaranta ta dawo mana da riguna masu karkatacciyar kwala, duk daga keken nan. Yaya ta ce Dogo ne ya lalata keken da gogegogensa, Dogo ya ce a tambayi mai salatif. Masu safe suka bi bayan Yaya, masu yamma suka bi bayan Dogo, har aka fara ɓoye wa juna almakashi. Manaja ya kira ni ofis.

"Kafin ƙarshen mako ɗayansu zai koma sashen ninke kaya," ya ce. "Ke kika san su, ke za ki zaɓa."

A ninke kaya ake fara ajiye sababbin ɗauka. Tura tela can kamar a mayar da malami aji ɗaya ne. In na tura Dogo za a ce na yi son kai, in na tura Yaya ban san da wane ido zan kalle ta ba. Na ji haushin manajan, na ji haushin su biyun, na kuma ji tsoro. Na roƙe shi abu ɗaya: ya bari masu safe su ɗan jira masu yamma, kowa ya miƙa keke hannu da hannu. Ya ce in gwada.

Ranar farko na tsayar da su biyu a gaban keken. Suka gaisa kamar waɗanda aka tilasta wa shan magani. Dogo ya ɓare salatif, ya zauna ya ɗinka kwala, ta fito sambal. Bisa sabonsa ya zare zaren, ya tashi.

"Bismillah, Yaya," ya ce. "A nuna mana."

Yaya ta zauna. Ta lashi bakin zaren, ta kai shi ga allura, ya wuce ta gefe. Ta sake, ya sake wucewa. Ta jawo fitila, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa keken. Matar da ke keken kusa da ita ta yi wuf ta miƙo hannu, kamar wadda ta saba, sai ta ga muna kallo ta janye. A lokacin ne na lura da filasta a yatsun Yaya biyu. Kullum ina ganin Yaya, amma ban taɓa kula ba.

Ashe layukan nan ba ta ganin su. Jan salatif ɗin kaɗai take gani, shi take bi, kuma tunda kullum sai ta sake liƙa shi da lalube, wata rana ya zauna daidai, wata rana ya karkace.

Dogo ya matso. Ya ɗauki salatif ya yanko, ya daidaita shi a kan layi da kansa, ya zura mata zaren.

"Ki yafe ni, Yaya. Wallahi ban sani ba."

Ya juyo gare ni ya rage murya. "Ki ce wa manaja mun shirya. Kullum zan bar mata shi a liƙe, da zare a allura. Ba wanda zai ji."

Yaya ta kama hannuna. "Kin ji abin da ya ce. Kada ki faɗa."

Na kalli yatsun da suka riƙe ni. Keken lantarki ne, ba ya jiran kowa, ranar da allura ta sami ƙashi ba filasta za a nema ba. Na so in yi shiru, Allah ya sani na so. Amma da safe na shiga ofis na faɗi gaskiya.

Manajan bai yi rashin mutunci ba. Ya tura ta asibitin da kamfani ke hulɗa da shi, aka ce yanar ido ce, za a iya yi mata aiki amma sai layi ya zo kanta. Kafin nan za ta zauna a ninke kaya. Miƙa keke hannu da hannu kuma ya zama doka a kowane sashe, ɓoyon almakashi ya ƙare. A taron ƙarshen wata ya sa na miƙe aka tafa mini, ya ce haka ake son shugaba.

Yaya tana can baya cikin sababbin ɗauka, ita ma ta tafa. Da aka tashi na bi ta zuwa motar kamfani. Ta zauna, ta ɗora jakarta a kujerar da ke gefenta.

"Yaya, matsa mini mana."

Ta ɗago ta dube ni, ko ta dubi inda take jin muryata.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "ai kujerar shugabanni tana gaba."