Layi a Ƙofar Majalisa

Tun da aka zaɓi Njidda ɗan majalisar jiha, ba a taɓa jin muryarsa a zauren ba. Yakan zo da wuri, ya zauna ya saurara, in an ce a ɗaga hannu ya ɗaga. Har abokan aikinsa suka sa masa suna Honarabul Shiru. Mutanen ƙauyensu can wajen Lau kuwa abin bai ba su dariya ba, don magana ɗaya suka aiko shi ya yi: burtalin da shanunsu ke bi zuwa kogi, wanda gonaki suka cinye har an fara fasa wa juna kai.

A ƙarshe dai aka ba shi rana. Ya yi ta bitar jawabinsa a tsakar gidansa a unguwar Barade, matarsa Mero na tankaɗe tana dariya.

"Malam, shanun ma in suka ji wannan Turanci sai sun canja hanya."

Ana gobe ranar, rediyo ya ce soja sun karɓi mulki. Njidda ya saurara sosai, ya yanke cewa maganar manyan Legas ce da Abuja. Ina ruwan soja da burtali?

Da safe Baffa Abbo, ƙanen mahaifinsa, ya ciko a-kori-kura da dattawan ƙauye, sun zo su ji da kunnensu. Suka tarar da ƙofar majalisa a kulle, wani soja na tsaye. Honarabul Job na ɗaya jam'iyyar yana zaune kan motarsa yana ɓare gyaɗa.

"Shiru!" in ji Job. "Yau da za ka buɗe baki, gwamnati ta gudu."

Njidda ya gaida sojan, ya faɗi sunansa.

"Oga, babu majalisa. An sallami kowa."

"Har da ni?"

"Kowa."

Baffa Abbo ya matso yana dogara sanda. "Yaro, mu cikin rana muka yi layi bayan hoton ɗan nan, aka ƙirga mu kai da kai. Kai wa ya yi layi bayanka?"

Sojan ya dubi Njidda, Njidda ya dubi ƙasa. Shi ma zai so ya ji amsar.

"Njidda," in ji Baffa, "mu ba mu sallame ka ba. In ba ka yi maganar nan yau ba, kada ka zo mana gida da wani bayani."

Baffa ya koma bayan Njidda ya tsaya. Dattawan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kamar ranar zaɓe, har layin ya kai bakin titi. Sojan ya gyara riƙon bindiga, ya rasa ko wannan laifi ne.

Njidda ya rasa wa zai fuskanta. Ya fuskanci ƙofar. Ya fara da Turanci, ya kuɓuce masa, ya koma Hausa, ya ƙarasa da Fulatanci. Ya faɗi inda burtalin ya fara, da tsamiyar da ya bi ta gindinta, da yaron da aka sara a kafaɗa bara. Muryar da ta fito ta fi wadda ya sani ƙarfi.

Da ya yi shiru, Job ya kakkaɓe hannu ya miƙe. "Na goyi baya!"

Dattawa suka ɗaga hannu. Baffa Abbo ya gyaɗa kai, ya zagayo gabansa.

"Madalla, ka yi magana. To, an ba mu burtalin ke nan?"

Njidda ya dubi Job, Job ya koma kan gyaɗarsa. Njidda ya dubi sojan.

"Oga, ni jiya aka kawo ni garin nan."

"Baffa," in ji Njidda, "mu je gida tukuna. Mero ta dama fura."