Turmin Iyakar Garin Barmo

Garin Barmo gida huɗu ne da rijiya ɗaya, gabas da Tanut. Iyakarsa wani tsohon turmi ne da aka kife a bakin hanya. Tun zamanin kakan Barmo, duk wanda ya wuce turmin nan baƙo ne, mai gari zai fito da kansa ya ba shi fura, ya ƙara masa damin gero na guzuri. A da, baƙo biyu ko uku ake gani a rani guda.

To, da bariki ya zauna a Tanut, garin Tanut ya yi ta rarrafowa, yau bukka, gobe danga, har wani maƙeri mai suna Manzo ya kafa maƙerarsa taku goma daga turmin. Kullum da safe Manzo yakan ɗaga ƙafa ya tsallake, ya yi sallama.

"Maraba da mutanen Tanut," in ji Barmo. "Ya hanya?"

"Hanya da wuya, mai gari," in ji Manzo, yana miƙo hannu.

Labari ya bazu. Masu ɗiban ruwa baƙi ne, mai neman akuyarsa baƙo ne. Kafin damina rumbu ya koma rabi.

Yagana, matar Barmo, ta tare shi a gindin rumbu. "Malam, ka ce mun zama unguwa kawai, mu huta. Ba a yi wa maƙwabci guzuri."

"In na faɗi haka, mai garin ina zan zama?"

"In ba ka faɗa ba, ƙasa za mu tuƙa?"

Barmo ya yini yana tunani a kan tabarmarsa. Da la'asar ya tashi ya mirgino turmin, ya wuce rijiya, rijiya ta zama ta Tanut. Baƙi suka ragu, amma Manzo bai fasa ba. Barmo ya sake mirginowa ya wuce gidajen ƙannensa. Rana ta uku ya wuce rumbu da madafa, ya kife shi dab da tabarmar.

Manzo ya zo ya tsallake.

"Maraba," in ji Barmo. "Sai haƙuri, garinmu ba mu da rumbu. Hatsinmu duk yana Tanut."

Manzo ya dubi rumbun, ya dubi turmin, ya juya.

Da azahar Yagana ta leƙo daga madafa. "Mai gari, tuwo ya nuna. Za ka zo, ko a aika da ayari?"

"Bari in sa takalmi," in ji Barmo. "Ki ce ina hanya."