Wankan Jirgi da Ruwan Kanwa

Sarjan Ɗanƙarami, makanikin jiragen soja a Damagaram, ya kai kumandan ƙarƙashin fiffiken jirgi, ya nuna masa inda tsatsa ta ci ƙarfe.

Kumandan ya ce, "Tsatsa? A garin da famfo kan yi kwana uku bai ɗiga ba?"

"Ranka ya daɗe, ruwan rijiyar da muke wanke shi da shi duk sanda manya za su zo, kanwa gare shi. Ita ke cin ƙarfen."

Kumandan ya shafa wurin, ya dubi yatsansa, ya ɓata rai.

"Ƙazanta ce kawai, sarjan. Daga gobe a riƙa wanke shi safe da yamma."

Ɗanƙarami ya ƙame, ya sara masa, ya tafi neman guga na biyu.