Sassaƙen Ruma

Motar ta faɗa wani rami, Mahbuba ta dafe mararta ta cije leɓe. Matar da ke kusa da ita ta lura da yadda ta riƙe cikin, sai ta yi murmushi ta ce, "Allah ya raba lafiya." Mahbuba ta amsa da amin, don ba ta da ƙarfin yi wa baƙuwa bayani. Abin da ke cikin nan ba ɗa ba ne. Ƙari ne ya fito mata a jikin ƙwan haihuwa na hagu, shekara uku ke nan, ya samu wuri ya miƙe ƙafa kamar baƙon da tuwon gida ya yi wa daɗi.

Makon jiya likitarta a Katsina, Dakta Sa'adiyya, ta jera hoton bana da na bara a kan tebur.

"Malama, bara kamar ƙwan kaza yake, bana ya kai lemo. In ya murɗe miki, daga Batsari zuwa nan akwai nisa, kuma kin san hanyar ba kullum take biyuwa ba. Na sa ki tiyata ranar Alhamis ta makon gobe. Ki yi shawara."

Mijinta Malam Muntasir ya ce in ta amince zai sa hannu, in ba ta amince ba ba zai tilasta mata ba. Wannan adalci nasa ya ba ta haushi, domin ita so take wani ya yanke mata hukunci ta huta. Tana da shekara takwas aka tura mahaifiyarta ɗakin tiyata, aka fito da ita a lulluɓe. Tun daga ranar ko warin asibiti ta ji sai gabanta ya faɗi. Shi ya sa ta bar 'yan ajinta yau Talata ta nufi Safana wurin Kaka. Ta san Kaka za ta hana, kuma hanin take nema.

Geron da ke gefen hanya ya fitar da kai, ya tuna mata da Ruma. A can Kaka ta raine ta, a lokacin da babu macen da za ta haihu ko ta yi ciwon mara a unguwarsu ba a aiko gidansu ba. Tun da hantsi mata ke cika tsakar gida, 'yan Fulani su sauke ƙoren nono su zauna jiran magani, turmi yana ta amsa kuwwa. Duk ranar kasuwa Daudu maharbi yakan shigo da sassaƙen wani icce da ke gindin dutse a cikin daji, wanda Kaka ba ta taɓa faɗa wa kowa sunansa ba. Mahbuba ce mai shanya shi a kan danga, ladanta kanya da ɗinya daga burgamin Daudu, jakarsa ta fata. Tana kewar wannan gida har cikin ƙashinta. Shekara biyar ke nan da 'yan bindiga suka tashe su, Kaka ta koma ɗaki guda a gidan ɗanta Hashimu, ma'aikacin sakatariyar Safana. Amma duk wata sai direba ya kawo wa Mahbuba ƙullin sassaƙe Batsari. In ta jiƙa ta sha, ɗacin kan mayar da ita gida, har ta ji kamar ciwon ya lafa.

Ta tarar da Kaka a bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa suka gaisa, aka tambayi Malam, aka tambayi makaranta da ruwan sama.

"Ƙawata, kin rame," in ji Kaka. "Ko Malamin naki ya daina cefane ne in zo in ƙwace shi?"

"Ki ƙwace mana, in kina da haƙoran cin naman da yake sayowa."

Kaka ta yi dariya har da tari. Mahbuba ta zaro hotunan daga jaka ta faɗa mata duk abin da likita ta ce. Sannan ta ƙara da abin da ta shirya tun a mota.

"Ni dai na ce ba mai yanka ni. A ƙara mini sassaƙen nan, in sha safe da yamma. Icen da ya warkar da matan Ruma kaf ba zai gaza a kaina ba."

Ta jira faɗan da ta saba ji a kan likitoci da wuƙaƙensu. Sai Kaka ta miƙo hannu ta karɓi ɗaya. Ta ɗaga hoton sama tana dubawa a juye, ta daɗe, sannan ta ajiye.

"Kin ce girma ya yi?"

"Haka ta ce."

"Taso ki ga wani abu."

Ta dogara sandarta suka fita ta zaure. A ƙofar gidan akwai wani bedi babba, icen da wasu ke kira darbejiya. Kaka ta zagaya da ita bayansa, wajen da ke fuskantar katanga. Tun daga gindi har iya inda hannun tsohuwa ke kaiwa an sassaƙe shi, wani tabon ya bushe, wani ɗanye ne.

"Ga iccen da kike sha," in ji Kaka.

Mahbuba ta dubi bedin, ta dubi kakarta.

"Ƙulli biyu na farko na gaskiya ne, ragowar da na gudo da shi. Daga nan ya ƙare. Wa zai shiga dajin nan yanzu? Daudu yana Kano yana gadi, mutumin da ke bin sawun kura shi ke buɗe ma mota ƙofa."

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba, Kaka?"

"Mi zan ce?" Muryarta ta yi ƙasa. "Garin ga ba wanda ya san ni. Matar Hashimu in kanta ya yi ciwo kemis take aikawa, ina zaune tana wuce ni. Ke kaɗai kika rage mai tambayata magani. Ran da zan ɗaure ƙullin nan nakan ji kamar ina tsakar gidana. Na ce bedi ba ya kisa, wataƙila Allah ya sa a dace. Ban san ina ciyar da abin ba ne."

Ran Mahbuba ya ɓaci ƙwarai. Shekara uku tana haɗiyar ɗaci, sau biyu tana ƙin komawa asibiti ranar da aka ba ta, duk a kan icen da akwai irinsa goma a harabar makarantarsu. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka a kan hannun Kaka. Akwai yankan wuƙa a babban yatsan, bai gama warkewa ba. Na watan nan ne. Tausayi ya danne fushin.

Suka koma ciki. Kaka ta zauna ta jawo kwanon gyaɗar, amma ba ta ɓare ko ɗaya ba. Mahbuba ta mayar da hotunan jaka. Tsoron yana nan bai rage ba, sai dai yanzu babu inda za ta ɓuya masa.

A garinsu, wanda za a yi wa aiki ba ya kwanciya gaban likita sai ya bi manyansa ya nemi gafara, don ba a san abin da Allah zai yi ba. Da la'asar ta yi, lokacin motar ƙarshe, Mahbuba ta gyara mayafinta ta durƙusa gaban tsohuwar, gwiwa biyu a ƙasa.

"Kaka, jibi ne. Duk abin da na yi miki tun ina ƙarama, ki yafe mini."

Kaka ta kamo hannunta ta riƙe gam.

"Tashi, ɗiyar nan," ta ce. "Bari ni in fara."