Juyi Uku na Yaya Kalli

Ni Ridwanu, shekara ashirin ina kanikanci a Nguru, ba a koya mini saitin kabureta. Abin da ya raba ni da yayana Kalli ke nan. Shi idan ya ɗaure sukurun silo, mai daidaita aikin inji in mota na tsaye, har ƙarshe, sai ya warware juyi uku. Ni biyu nake yi, don uku ɓarnar fetur ce. A gaban mutane na ce masa kunnensa ya tsufa. Har ya rasu bara ba mu shirya ba.

Da jikin Inna Fanne, mahaifiyarmu, ya tsananta, ta ce a mayar da ita Gashua ta ga kogin garinsu kafin ta cika. Kuma sai a tsohuwar Fijo ta Kalli.

"Inna, motar nan ta shekara a ajiye!"

"Ita nake so."

Na kwance kaburetar kaf, na wanke da fetur, na hure jet, na sa sabon gasket. Juyi biyu, ta tashi lafiya. Da hantsi na kwantar da Inna a baya muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba mota ta fara tari, na tsaya na buɗe bonet. Kalli ya taɓa yi wa kan sukurun tsaga da magagari, da ita ake ƙirga juyi. Na ƙirga: uku cif. Na ce girgizar hanya ce, na mayar biyu. Ta yi gardama, da ƙyar ta tashi.

Bayan Jajimaji motar ta mutu murus. Rana tsaka, ba kowa a titi. Na sake ƙirgawa. Uku! Raina ya ɓaci, na mayar biyu, na bi filogi, na bi tiyon mai, awa guda ina zufa ina zage-zage. Inna kuwa numfashinta sai ja yake.

"Ridwanu," ta ce a hankali, "bar wa yayanka mana. Tun ɗazu yake tsaye kusa da kai."

Wallahi tsikar jikina ta tashi. Na janye hannu. Ina kallo tsagar nan ta juya a hankali, ta cika zagaye ɗaya ta tsaya.

"Yaya, ka yafe ni," na ce.

Murɗa makulli ɗaya ta kama, silo lumui, irin wanda ban taɓa iya samu ba.

Da la'asar muka iso bakin gadar Gashua. Na ɗago kan Inna, ta ga ruwa, ta yi murmushi.

"Sannunku da hanya, ku biyun."

Ban taɓa makulli ba injin ya tsaya. Na kira Inna sau uku, ba ta amsa ba.