Linzamin Haske

Ɗigon ja ya sauka a kan zangarniyar gero, ya yi rawa, ya tsallaka ta gaba. Malam Na'Allah, tsohon mai gyaran rediyo a Kanya Babba, yana tsaye bisa rumfar gadin gona riƙe da guntun bututun famfo. A ciki ya dasa ƙwayar leza, mai harba siririn haske, da ya ciro daga matacciyar na'urar buga faifai, ya sa mata gilashin tsohuwar kyamara don ya tattara hasken. Ƙwayoyi da dama ya ƙona kafin ya gane cewa wannan aba ba ta san ƙoshi ba: a ba ta wutar batir kai tsaye, sai ta sha har ta mutu. Shi ya sa ya harhaɗa ɗan allon da ke ƙayyade mata wuta, ya raɗa masa suna linzami. Wannan ce ƙwayarsa ta ƙarshe.

A al'adar wannan yanki, idan tsuntsayen janbaki suka sauka, kowa kan rataya gwangwanaye a gonarsa, ya ɗaura igiyarsa a ta maƙwabci. Mutum ɗaya ya ja, duk gonakin su ɗauki ƙara. Bana igiyar Na'Allah ce kaɗai ke kwance a ƙasa.

Sama'ilu, Sarkin Noma, ya iso da sanyin safiya, ya ɗaga kai.

"Malam, da tocila za ka yaƙi janbaki?"

"Kauce daga gabanta, Sarkin Noma, ido take ci. Kuma ba tocila ba ce. Hasken tocila taron kasuwa ne, kowa da inda ya nufa. Wannan sahun salla ne."

"Sahun ne dai ka fita. Ka ɗaura igiyarka, gero ba ya jiran gwaji."

"Tun kakanni ake kaɗa gwangwani, tsuntsu ya daina zuwa?"

Matarsa Amarya, wadda sunan ya bi ta har furfura, ta ajiye ƙwaryar koko a gindin rumfar.

"Malam, abincin shekararmu ne fa a nan."

"Na sani, Amarya. Ki zuba ido."

Ta juya, ta shige cikin gero.

Sai ga janbaki daga arewa, kamar hayaƙin gobara. Na'Allah ya danna maɓalli, ya share kan zangarniyu da ɗigon. Garken ya yi turus, ya murɗe, ya tashi sama.

"Kun gani!" ya yi ihu, hularsa ta faɗi. "Sarkin Noma, ka gani?"

Tsuntsayen suka faɗa gonar Sama'ilu. Gwangwanaye suka kaure, suka koro su. Na'Allah ya sake kora. Haka aka yi ta yi, har rana ta ɗago. Ɗigon ya fara koɗewa, ya zama kamar tabon goro a jan zane. Janbaki suka daina ganinsa, suka sauka suna ci.

Ya dubi linzamin. Ya fi kowa sanin abin da zai biyo baya. Amma ga geronsa yana zuba, ga idon jama'a. Ya fizge wayar daga linzamin, ya manna ta a batir kai tsaye.

Ɗigon ya yi wani irin ja da bai taɓa gani ba. Sannan ya ɗauke. Bututun ya bar ɗumi kawai a tafinsa.

Yana nan tsaye sai ya ji gwangwanaye sun kaure a ƙarƙashinsa, a cikin gonarsa. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya. Ya bi igiyarsa da kallo: ga ta a miƙe, an ƙulla ta a ta Sama'ilu da irin ƙullin da ake yi wa bakin zane.

Amarya ta fito tana karkaɗe hannu.

"Kokon ya huce, Malam."

Ya sauko a hankali, ya zura bututun a aljihu. Sama'ilu ya buɗe baki, Na'Allah ya riga shi.

"Ja ne bai isa ba. Kore ake so, ya fi fita a ido." Ya kurɓi koko, ya juya ga matarsa. "Fitilar nan mai watsa koren haske da masu kiɗan biki suka zo da ita daga Kazaure, ba na ji an ce ta lalace ba?"