Minti Uku na Audun Flatset

Gunnhild tana durƙushe a ɗakin ajiya na bayan kantin kulob, tana laluben murfin bokitin ƙullun vaffel, wainar fulawar da take toyawa ranar wasa, sai ta jiyo muryar ƙaninta Audun ta bango. Bangon na katako ne, ko tari mutum ya yi a ɗakin canza kaya sai an ji shi a kanti. Audun ya san haka sarai, amma ya ɗauka ran Talata da hantsi babu kowa a filin. Ya ajiye wayar a kan benci ya ƙure muryarta, don hannayensa na aikin naɗe yatsu.

"Audun, kiranka na uku ke nan cikin kwana biyu," in ji wanda ke cikin wayar. Gunnhild ta gane muryar. Mai horar da masu tsaron gida na tawagar ƙasa ne, ya taɓa cin kifi a gidanta. "Gaskiya ne golanmu na uku ya ji ciwo, amma ina da wanda zan ɗauka. Kai kuma na ga kuna da wasan ko-a-mutu-ko-a-yi-rai ran Asabar."

"Bar wannan zancen. Suna da wani golan. Su da kansu ma suka ce in tafi."

"Ka tabbata? Ba dole ba ne fa. Wasan sada zumunta ne, kuma in ka shiga ma, 'yan mintuna ne."

"Minti ɗaya ya ishe ni. Ka san inda na tsaya."

"Ashirin da huɗu. Na sani."

Gunnhild ta zauna daɓas a kan buhun fulawa. A Norway duk ɗan ƙwallon da ya buga wa ƙasa wasa ashirin da biyar ana ba shi agogon zinare, kuma shekara biyar ke nan Audun yana maƙale a ashirin da huɗu kamar ƙaya a wuya. Yana da shekara sha tara ya bar garinsu Hamnes, ya yi kaka huɗu a babban birni, ya wuce Holan inda ya yi tashensa, ya je Ingila ya ɗumama benci shekara uku, ya ƙarasa a Turkiyya da gwiwa ɗaya da rabi. Bana ya dawo gida yana da talatin da shida, jaridu suka yi ta rubuta cewa ƙaunar garinsu ce ta dawo da shi. Gunnhild ta san babu wanda ya sake nemansa ne, amma ba ta taɓa faɗa ba, ƙaninta ne.

Maganar wani golan kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Golan Hamnes na biyu injin yankan kifi ya karya masa yatsu makonni biyu da suka wuce. Sunan da ya rage a takarda ɗaya ne: Arnfinn, mijinta, mai shekara arba'in da huɗu, mai gyaran famfo, wanda aka rubuta a farkon kaka don cike gurbi ana dariya. Ran Asabar kuma wasan ƙarshe ne. Canjaras ya ishe su su tsira, in aka ci su sun faɗa rukunin ƙasa, bayan shekara tara suna hawan wahala kafin su kai inda suke.

Da yamma, kafin atisaye, Audun ya tara 'yan wasa a tsakiyar fili. Ya sunkuyar da kai, ya yi muryar mai ta'aziyya.

"'Yan uwa, an kira ni. Na roƙe su su bar ni, sun ce babu yadda za a yi. Ƙasa ce, ba ni da ta cewa."

Wanda ya fara tafi Arnfinn ne. Shi ya koya wa Audun kama ƙwallo tun yana tsayin tebur, kuma har gobe in ana maganar Audun sai ka ga ƙirjinsa ya ƙara faɗi.

"Je ka, yaro, ka cika ashirin da biyar ɗinka!" ya ce. "Ragar nan ni zan tsare maka ita. In ƙwallo ta ga tumbina ma ai ta ji tsoro."

Aka kwashe da dariya. Gunnhild tana kallo ta tagar kanti.

Ta tare Audun a wajen mota.

"Sun ce babu yadda za a yi, ko?"

"Haka suka ce, Yaya." Ba ya ce mata Yaya sai yana neman wani abu.

"Bangon ɗakinku katako ne, Audun. Ina cikin sito ɗazu."

Ya tsaya da makulli a hannu. Ta jira ta ga kunya a fuskarsa, ko da ta minti ɗaya ce. Abin da ta gani haushi ne, irin na wanda aka taka wa sabon takalmi.

"To, yanzu laɓe kika koma yi?"

"Kafaɗar Arnfinn ka sani. Ko rigar sanyi ni nake taya shi sakawa."

"Wasa ɗaya ne, Gunnhild. Ni shekara sha bakwai na yi ina cin ƙasa a ragar mutane. Kin san abin da ake ce wa mai ashirin da huɗu? Ba a ce masa komai. Babu sunansa a ko'ina."

"Su kuma waɗancan? Matan da suka yi ta tuya suna sayarwa don a saya maka safar hannu kana yaro?"

"Haba, kulob ya faɗi baɗi ya taso. Ni gwiwata ba ta da baɗi." Ya buɗe ƙofar mota, ya ɗan sassauta murya. "Ki je ki gaya wa Arnfinn in kina so. Ki kalli idonsa ki gaya masa."

"Tir da halinka," ta ce, amma ya riga ya rufe ƙofa.

Ta yi niyyar faɗa, har ta shirya kalmomin a hanya. Ta isa gida ta tarar Arnfinn ya zazzage akwatin da ke ƙarƙashin bene, ya fito da tsohuwar safar hannunsa da ta bushe kamar ƙanzo, yana shafa mata mai yana waƙa. Dankali na ƙonewa a kan wuta bai ma ji ba. Ta ce a ranta bari a wuce Asabar tukuna. Ta san tsoro ne, ta sa masa suna haƙuri.

Asabar ta zo da ruwa da iska daga teku. Garin kaf ya fito, har tsofaffin gidan kula da dattawa an turo su a kekuna an lulluɓe su da barguna. Gunnhild tana tuya tana zuba kofi, idonta na kan raga. Abin mamaki, Arnfinn ya tare biyu kafin hutun rabin lokaci, ɗaya da ƙafa, ɗaya kuma da fuska, 'yan kallo suna ta kiran sunansa kamar sabon saye. Har minti na sittin babu ci. Gunnhild ta fara tunanin ko za a tsira da mutunci.

Sai aka bugo kwana. Arnfinn ya yi tsalle ya doke ƙwallon waje, ya sauko da kafaɗar dama a kan turken raga. Daga kanti ta ji ƙarar. Mai ba da magani ya ruga, aka yi ta magana, Arnfinn yana girgiza kai. Babu wani golan a benci, kuma shi ba irin mutumin da zai miƙa wa ɗan baya safarsa ba ne. Ya miƙe, hannun dama na lilo a gefensa.

Baƙin ba su da laifi, ƙwallo suka zo bugawa. Duk wanda ya samu dama sai ya auna ɓangaren daman Arnfinn. Uku suka zura cikin minti ashirin, kowace yana binta da hannu ɗaya yana faɗuwa cikin taɓo yana tashi. Da aka hura tashi mutane suka miƙe suna tafa masa, shi kuwa yana bin layin 'yan kallo yana cewa, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri, na ba ku kunya." Wannan ban haƙurin ne Gunnhild ta kasa haɗiyewa. Ta kashe wutar tuya, ta shiga sito ta rufe ƙofa.

Likita ya ce ƙashin wuya ya karye, jijiyar kafaɗa ta tsinke, wata huɗu babu ɗaga ko da guduma.

Ran Lahadi da la'asar Arnfinn ya sa ta jera masa matashin kai a gaban talabijin. Norway na gaba da ci uku, wasan ya mutu tuntuni, mutane sun fara fita daga filin. A minti na tamanin da bakwai aka ɗaga allon canji, Audun ya shigo da gudu yana tafa hannuwa sama kamar wanda aka kira ceto. Mai sharhi ya yi ta zuba: ga ɗan halak, ga wanda ya bar daular manyan kulob na ƙasashen waje ya koma ya riƙe ƙaramin kulob ɗin garinsu. Minti uku ya yi a fili. Ƙwallo ko sau ɗaya ba ta zo inda yake ba, rigarsa fes ya fita da ita.

"Ashirin da biyar!" Arnfinn ya yi ihu, ya motsa kafaɗar, ya cije baki. Da zafin ya lafa ya ce, "Gunnhild, yaronmu fa. Da na tare ukun nan da ranar ta cika masa."

Ta tashi ta ce za ta duba kofi.

Asabar ta gaba aka yi taron rufe kaka a zauren kulob, kowace mace ta kawo kek ɗinta, ana ci ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Gunnhild ta yanke shawara tun da safe: yau za ta faɗa, ko a gaban kowa ne. Audun ya iso a makare, da kwat, da wani mai ɗaukar hoto na jarida a bayansa. Ya buga cokali a jikin kofi, aka yi shiru.

Ya iya magana, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya ce ranar da aka ci Hamnes yana ɗakin otal yana kuka. Ya ce da yana da iko da ya tsaga kansa biyu. Sannan ya zaro ƙaramin akwati daga aljihu ya buɗe.

"Wannan agogon ba nawa ba ne," ya ce. "Na wanda ya koya mini tsayuwa a raga ne, wanda ya tsaya a madadina da hannu ɗaya. Arnfinn, taso."

Zauren ya ɗauka da tafi, tsofaffi na share ido. Gunnhild ta gane lissafin nan take. Agogon bai dami Audun ba, sunansa ya riga ya shiga jerin da yake so, gobe kuma hotonsa zai cika jarida. Abin da ya zo saya da shi bakinta ne.

Arnfinn ya fito, hannun dama rataye a ƙirji, hawaye na bin gemunsa. Ya karɓi agogon da hagu, ya yi ta ƙoƙarin ɗora shi a wuyan hannu yana zamewa. Ya waiga yana nemanta cikin mutane.

"Gunnhild, zo ki ɗaura mini mana. Ni na zama rabin mutum."

Aka yi dariya, aka buɗe mata hanya. Ta zo ta karɓa. Agogon ya fi yadda ta zata nauyi, a bayansa an zana sunan Audun Flatset da lamba ashirin da biyar. Ta ɗago ta dubi ƙaninta, shi ma ita yake kallo, da ɗan murmushi, hankalinsa kwance. Ta dubi mijinta, bai taɓa yin farin ciki irin na yau ba tun ranar aurensu.

"Juyo nan kaɗan, uwargida," in ji mai hoto. "Yawwa. Ɗan murmushi."

Ta zagaya madaurin a wuyan hannun Arnfinn, ta sa ƙarfen a rami na uku, ta tambaye shi ko ya matse shi. Ya ce a'a, daidai ne.